Kafin a kai yaro gidan gyaran hali a Akra: inda na yarda da shi da inda nake gudu

A Nima, Mamobi, Fadama da Madina, da wuya ka bi layi ba ka sami gidan da tiramol ko wiwi ko ƙwayar nan da samari ke kira "red" ta shiga ba. Yaro ya bar makaranta, ya koma kwana a waje, wayar uwarsa ta ɓata yau, gobe tukunyar gas. Dangi su zauna a ce a kai shi wani wuri a tsare. To, wane wuri?

Ni Pantang nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Asibitin ƙwaƙwalwa ne na gwamnati, an buɗe shi a 1975, yana kan hanyar Aburi in an wuce Adenta, daga Madina ba wata tafiya ba ce. Yana da sashe na musamman na masu shaye-shaye. Abin da ya ja ni gare shi abu ɗaya ne: akwai likita. Yaron da ya daɗe kan tiramol, ranar da aka yanke masa ita sai gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne, amma a lungu mai 120 da 225 da 250 ake sayarwa, kuma yawanta na jefa mutum cikin jijjiga kamar mai farfaɗiya. Waɗannan kwanakin farko suna son ma'aikacin jinya a kusa. Sannan wani yaron ba ƙwayar ce tushen matsalarsa ba. Ciwon damuwa ne, ko muryoyi yake ji, yana sha don ya samu sauƙi, kuma likitan ƙwaƙwalwa ne zai iya raba wannan da wancan.

Na san abin da ke hana mu: kada a ce ɗan Alhaji wane yana asibitin mahaukata. Wallahi wannan maganar ta kashe mana yara da yawa a Zango. Ku je da shirinku, don zaman na watanni ne kuma biya ake yi. In yaron bai kai shekara 18 ba, ku faɗa tun a ranar farko, likita ya duba ko kwanciya ta kama ko zuwa ganin likita daga gida ya isa.

Asibitin Ankaful, can kusa da Cape Coast, shi ma yana wannan aikin, sai dai nisa, uwa ba za ta iya zuwa kowane mako ba. Tsohon asibitin ƙwaƙwalwa na Akra na 1906 na ranar da abu ya rikice ne cikin gaggawa. Mutanen Aboabo da Asawase su fara da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. Gidan horon yara na Roman Ridge kuwa kotu ke kai mutum, uba ba ya zaɓarsa. Gidajen gyaran hali na coci kuwa, ku tambayi zancen salla da abinci tun kafin ku ajiye kaya.

Yanzu ga inda zuciyata take ƙuna, wato gidan mari da gidajen kuɗi na bogi. Ɗan yayata, mahaifinsa ya kai shi wani gida a bayan gari ta hannun wani dillali mai zaƙin baki. Aka ce ba ziyara sai an gama aiki, wai ganin uwa yana ɓata magani. Da yaya ta matsa ta shiga, ta tarar da shi an aske shi ƙwal, haƙarƙari a waje, idon sawunsa biyu sun yi gyambo inda ƙarfe ya ci. Da ta kira sunansa sai ya sunkuyar da kai, bai amsa ba. Gudun gara aka tadda zago. Ƙwayar ma bai bari ba, tsoronmu kawai ya ƙaru.

Doka tana tare da ku. Gana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, kuma a 2017 hukumar da ke kula da ita ta haramta ɗaure marar lafiya da sarƙa, ko a sansanin addu'a ko a gidan mai magani. Mun ga abin da 'yan sanda suka tono a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300, har da yara ƙanana, wasu a mari. Ban hana addu'a ba, ban hana ruƙiyya ba. Malam na iya zuwa ziyara ya yi masa, a gida a ci gaba da sauka da sadaka. Amma malamin da ya ce sai da sarƙa da bulala, ku ɗauki ɗanku ku tashi.

Duk wanda ya yi muku alkawarin warkewa cikin mako biyu, maƙaryaci ne. Wanda ya ce a tura kuɗin wata shida ta waya ba rasit, ɓarawo ne. Wanda zai turo ƙarti cikin dare su ɗauke yaro a mota, ku rufe masa ƙofa. Hoton gado mai kyau a Facebook ba shaida ba ce, ku taka da ƙafarku, ba tare da sanarwa ba. Ku ce a nuna muku lasin na HeFRA, hukumar da ke ba asibitoci izini. Ku tambayi cikakken sunan likitan da ranakun da yake zuwa, da wanda ke yin allura, don akwai inda ake dirka wa yara maganin barci su wuni a kwance a ce sun natsu. Ku leƙa makewayi da ɗakin kwana. Ku dubi ƙafafun yaran da ke ciki, ƙafa nake fara duba yanzu ko ina na shiga. Ku tambayi me suka tanada bayan sallama, don komawa ruwa abu ne da ke faruwa sosai, kuma gidan kirki zai faɗa muku haka da bakinsa.

In kuwa ɗanku na cikin irin wannan gida yanzu kuma an hana ku ganinsa, kada ku je ku kaɗai, kada ku tsaya ciniki kan sauran kuɗi. Ku kai ƙara ofishin DOVVSU mafi kusa, wato sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, ko hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta CHRAJ, ko ofishin jin daɗin jama'a na gundumarku, ku tafi tare da su, daga can ku wuce da yaron asibiti kai tsaye.