Ruwa a gindin masai: daga sama yake ko daga ƙasa?

Hajiya, kin ce kullum da safe sai kin tarar ruwa ya kwanta a gindin masan zamanku, ki goge, kafin la'asar ya dawo. Filamba ɗaya ya ce tiyo ne, ɗaya ya ce sai an ciro masan gaba ɗaya. Don Allah kada ki bari a taɓa tayil tukuna. Yoyo iri biyu suke magana a kai, kuma kowanne da alamarsa.

Mai cewa tiyo, ruwa mai tsabta yake nufi, wanda ke gangarowa daga sama: bawul ɗin jikin bango, tiyon da ke kai ruwa cikin tanki, ko notuna biyun da suka ɗaure tanki da masai. Wannan ba ruwansa da an shiga banɗaki ko ba a shiga ba, dare da rana ɗiga yake, kuma ba ya wari. Mai cewa a ciro masai kuwa, robar da ta haɗa bayansa da bututun sokawe yake zargi. Ita ba ta zubarwa sai an kora ruwa, kuma hanci kan riga ido ganewa. Na farko gyaran minti kaɗan ne. Na biyu aiki ne na gaske, ga shi ruwan najasa ne a inda ake tsarki.

Tunda da safe kike ganin ruwan, bayan an kwana ba a kora ba, ni na fi zargin na sama. Amma ki gwada.

Ki goge ko'ina ya bushe ƙarau, har ƙarƙashin tanki. Ki naɗa tishu a bawul, wani a kowane bakin tiyo, wani a kan notunan, ki shimfiɗa wani a ƙasa ta bayan masai. Kada kowa ya shiga na awa ɗaya. Ruwa ba ya hawa sama, don haka tishun da ya jiƙe a can ƙololuwa shi ne mai laifi, sauran gangara ce ta same su.

Gwajin kala daban yake. Ki zuba kalar abinci a tanki, ki jira minti 30 ba a kora ba. Ta fito a tishun ƙarƙashin tanki, to noti ne ko tsagewa. Ta bayyana a cikin masai, robar da ke tare ruwan tanki ta saki. Wannan ba ya jiƙa ƙasa, ruwanki kawai yake sha a ɓoye. Sai dai kala ba ta kama yoyon tiyo, domin ruwansa bai kai tanki ba tukuna. Nan tishu ya fi ta.

Daga nan ki kora, ki durƙusa da tocila ki duba baya. A nan ake yawan ruɗewa: babbar robar da ke tsakanin tanki da masai ita ma sai an kora take zubarwa, ruwan ya bi bayan masai ya sauka ƙasa kamar daga gindi ya fito. Idan jikin masan ya jiƙe tun daga sama, ita ce, tanki kawai za a sauke. Idan sama a bushe yake, kala na fitowa ta bakin bututu, filamba na biyu ya yi gaskiya.

Ki duba shawan tsarki ma, bakinsa kan yi ɗiga in ya tsufa. Da damina kuma tanki kan yi zufa in ruwan cikinsa ya yi sanyi.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a liƙe gindin da farin siminti ba a gano tushen ba. Ruwan zai koma ƙarƙashin tayil, bango ya yi naso, in bene ne silin na ƙasa ya ɗauka. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa kusan lita 30 ne a rana, jarka guda da ɗoriya. Kafin filamba ya zo, ki riƙa rufe bawul ɗin bango da dare.