Taron ilimi a ƙasar waje: abin da malamin Kano zai auna kafin ya fitar da kuɗinsa

Malami a Jami'ar Bayero, ko a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ko likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, idan aka karɓi tsakuren maƙalarsa a wani taro na ƙasar waje, abubuwa biyar ke jiran aljihunsa: rajista, biza, tikiti, masauki da guzuri. Yawancinmu farashi muke fara dubawa, wanne ya fi sauƙi. Ni a ganina, ga mai riƙe da koren fasfo, tambayar da ta fi amfani ita ce: idan biza ba ta fito ba, nawa ne zai dawo hannuna? Da wannan ma'auni na auna duk abin da ke tafe.

Kafin komai, a tabbatar taron na gaske ne. Akwai tarurrukan da ƙungiyoyin masana suka daɗe suna shiryawa, irin su African Studies Association ta Amurka da aka kafa a 1957, da ECAS, taron nazarin Afirka da ake yi a Turai duk bayan shekara biyu (a Kolon ta Jamus aka yi na 2023), da tarurrukan IEEE na injiniyoyi, da na CODESRIA, ƙungiyar masu binciken ilimin zamantakewa ta Afirka mai hedikwata a Dakar. Akwai kuma 'yan kasuwa da ke kama ɗaki a otal su sa masa sunan "taron ƙasa da ƙasa". Gane su ba wuya. Ka aika tsakure da yamma, kafin gari ya waye an karɓa. Taro ɗaya ya haɗa likitanci da noma da adabi da lissafi. Imel ɗinsu cike da yabo, suna kiranka Farfesa alhali ko digiri na uku ba ka kammala ba. Ka duba sunayen kwamitin shirya taron, ka tambayi manyan sashenku ko sun san ko da mutum ɗaya a ciki. Shafin Think Check Attend ma yana da tambayoyin da ke taimakawa. Kwamitin ƙarin girma na jami'a ya san irin waɗannan tarurruka, kuma takardar shaidarsu ba ta ƙara wa mutum komai.

Idan tarurruka biyu suka zo daidai wajen daraja, ƙasar da za a yi taron ce za ta raba gardama. Akara da Dakar ba sa buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS. Ruwanda na bai wa 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka izinin kwana 30 kyauta a filin jirgi, kuma Kigali ta zama matattarar manyan tarurruka. Turai kuwa sai da bizar Shengen, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata 6 a tafi. A ƙa'ida kwana 15 ake yi a ba da amsa, amma yana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawar ma kanta aiki ne, musamman daga Mayu zuwa Agusta lokacin da kowa ke son tafiya. Wani abin da malamai da yawa ba su sani ba shi ne dokar bizar Shengen ta yafe kuɗin biza ga masu bincike da za su halarci taron ilimi. Ka tambaya kafin ka biya, ka riƙe takardar da ke nuna matsayinka. Bizar ziyara ta Birtaniya ana nemanta tun saura wata 3, amsa kan zo cikin mako 3. Amurka ce ta fi tsauri: Dala 185 ba a mayarwa, kuma a Yulin 2025 an rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata 3. Dokokinsu na saurin sauyawa, don haka kada ka biya ko sisi a kan taron Amurka sai ka karanta sanarwar ofishin jakadancinsu ta wannan makon.

Mu a Kano akwai wani kuɗi da na Abuja ba ya lissafawa. Ɗaukar hoton yatsu da ganawa galibi a Abuja ake yi ko Legas. Ko ka bi mota kai tsaye, ko ka je Kaduna ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, ko ka bi jirgin sama, sai ka kwana, sai ka ci abinci, wani lokacin ma sai ka sake komawa karɓo fasfo idan ba ka biya kuɗin aiko maka ba. A sa wannan cikin lissafi tun farko. Shi fasfon ma a duba shi yau, domin ƙasashe da yawa na son ya kasance saura aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Daga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara 5 ya koma Naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma Naira 200,000. Wanda ke sa ran yawan fita, na biyun ya fi masa, don ya huta da komawa ofishin fasfo na Farm Centre.

Ejan ko da kanka? Wajen tikiti, ejan mai rajista yana da rana, don yana iya riƙe maka kujera na ɗan lokaci ba tare da ka biya ba, kuma idan aka sauya jadawali akwai wanda za ka kira da Hausa ka ce, "Alhaji, ya ake ciki?" Wajen biza kam, ka cike da hannunka. Duk wanda ya ce maka "Malam, kawo fasfo kawai, muna da hanya", ka yi masa godiya ka wuce. Hanyar tasu sau da yawa ita ce zuba maka kuɗin aro a asusu kwana kaɗan kafin a fitar da bayanan banki, ko haɗa takardar otal ta bogi. Jami'in biza ya fi yarda da albashin da ke shigowa wata-wata ko da bai taka kara ya karya ba, tare da takardar gayyata, da ta izinin tafiya daga jami'a, da ta wanda ya ɗauki nauyi. Birtaniya na iya haramta wa mutum shiga har shekara 10 idan ta kama takardar ƙarya, kuma sunanka ne a kan fom ɗin, ejan yana shagonsa.

Sai batun wanda zai biya. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu wadda dokar 2011 ta kafa, tana da kaso na halartar taro ga ma'aikatan manyan makarantun gwamnati, kuma ta hannun makarantarka ake nema. Idan an samu, shi ya fi kauri. Matsalarsa lokaci: takarda za ta bi ta shugaban sashe, ta bi ta kwamiti, ta je Abuja ta dawo, kuma sharuɗɗan kan sauya, saboda haka ka zauna da jami'in da ke kula da harkar TETFund a makarantarku tun kafin ka aika tsakure. Tallafin masu shirya taro bai kai wannan yawa ba, wani lokacin yafe rajista ne kawai ko kwana uku a masauki, amma yana ƙara wa takardun bizarka nauyi sosai. Wa'adin nemansa yakan zo tare da na aika tsakure, shi ya sa da yawa ke rasa shi, sai an karɓi maƙala su fara cigiya. Ƙungiyoyi da dama kuma na rage kuɗin rajista ga 'yan ƙasashen da Bankin Duniya ya sa a rukunin masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaicin ƙarfi na ƙasa-ƙasa, kuma Najeriya na cikin rukuni na biyun. Idan ba ka ga rangwamen a shafinsu ba, rubuta musu ka tambaya, babu abin kunya a ciki.

Rajistar da aka yi da wuri ta fi araha, kuma wasu masu taron ba sa ba da takardar gayyata sai an biya. Ita ce kaɗai nake ganin za a iya biya kafin biza, da sharaɗin ka karanta ƙa'idarsu ta mayar da kuɗi. Na kirki sukan rubuta cewa wanda aka hana biza za a mayar masa, ko a bar shi ya gabatar ta intanet.

Tikiti ne ke cin kaso mafi tsoka, kuma a nan ne araha ba ta ado. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, Ethiopian Airlines na bi ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Qatar Airways kuma ta fara zuwa Kano a Maris na 2022. Jadawalinsu kan sauya, wasu ba kullum suke tashi ba, don haka taron kwana uku na iya zame maka tafiyar mako guda da ƙarin kuɗin otal. Abuja ta fi yawan zaɓi, akwai British Airways da Lufthansa da Turkish Airlines, Legas kuma ta fi Abuja, har da Air Peace da ta fara zuwa Landan a Maris na 2024. Sai dai idan ka ga tikitin Legas ya fi na Kano sauƙi, ka ɗora masa kuɗin jirgin cikin gida zuwa da dawowa, da kwanan otal, da kuɗin ƙarin kaya, tunda jiragen gida ba sa ba da jaka biyu masu kilo 23 irin na yawancin jiragen waje. Sau da yawa ratar takan narke. Ga kuma hazo: daga Disamba zuwa Fabrairu yakan hana jirage sauka da tashi a Kano, kuma idan tikitinka biyu ne daban-daban, kamfanin waje ba ruwansa da cewa jirgin Kano ya makara. Wanda zai tashi ta Abuja a hunturu ya je ya kwana can. Lokacin Umarar azumi da jigilar alhazai ma kujeru kan yi wuya a hanyoyin gabas.

A kula da inda jirgi zai yada zango. Ɗan Najeriya na buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba a ƙasashen Shengen da Birtaniya, sai fa idan yana riƙe da wata biza da ta keɓe shi, kamar ta Amurka ko Kanada. Tikiti mai araha zuwa Maroko ko Barazil da ya bi ta Faris ko Farankfot na iya sa a tsayar da kai tun a wajen auna kaya. Bi ta Addis Ababa ko Doha ko Istanbul a kan tikiti ɗaya ba ya da wannan matsalar. Ofisoshin jakadanci da yawa shaidar riƙe kujera kawai suke nema, su da kansu suna gargaɗin kada a sayi tikiti kafin biza ta fito.

Masauki bai kamata ya ba da wahala ba. Otal ɗin taro ya fi tsada, amma kana saukowa daga ɗaki ka shiga zaure. Ɗakunan kwanan ɗalibai, da jami'o'in Turai ke bayarwa haya lokacin hutun bazara, sun fi kowanne sauƙi, kuma sukan zo da kicin, wanda babban abu ne ga mai neman halal ko wanda cikinsa bai saba da burodi da cuku safe da yamma ba. A Booking.com ka zaɓi ɗakin da ake sokewa kyauta ko da ya ɗan fi tsada. Otal mai nisa kuma, ka haɗa da kuɗin jirgin ƙasa na kullum kafin ka ce ya yi araha.

Guzuri: banki, Wapa, ko kati? Tun da Babban Banki ya saki Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024, tazarar banki da 'yan canji kuma ta ragu ƙwarai, don haka tsohon lissafin jiran Dalar gwamnati ya rage armashi. Ta banki ana cike Fom A a nemi guzurin tafiya har Dala 4,000 a wata uku, kuma a Fabrairun 2024 aka koma sa shi a kati maimakon miƙa tsaba. 'Yan canjin Wapa a Fagge sun fi sauri. Ka je wurin mai lasisi, ka karɓi rasit, ka nemi sababbin takardu, ka kuma sayi kuɗin ƙasar da za ka, domin canja Dala zuwa Yuro a filin jirgi asara ce sau biyu. Wasu bankuna sun dawo da amfani da katin Naira a waje a 2025, kowanne da iyakarsa. Ka gwada naka da ƙaramin ciniki a intanet tun kana gida. Ni dai na fi son a raba: kati don otal da jirgin ƙasa, tunda wurare da yawa a Birtaniya da Suwidin ba sa karɓar tsaba, da 'yan kuɗi a aljihu saboda ranar da kati zai ƙi.

Kada a manta da katin rigakafin cutar shawara na hukumar lafiya ta tashoshin shiga ƙasa: allura ɗaya ta isa har abada, kuma ƙasashen Afirka da yawa sai sun gan shi. Fulogin Birtaniya irin namu ne mai baki uku, na Jamus da Faransa mai baki biyu ne zagayayye. Mai gabatar da fosta ya buga ta a kan yadi ya ninke cikin jaka, ya fi yawo da doguwar gora a filin jirgi. Kilishi da dambun nama da man shanu a bar su a gida, Tarayyar Turai da Birtaniya sun hana matafiyi daga nan shigo da nama da kayan madara. Dabino da garin kunu sun wadatar. Takardar shiga jirgi ta zuwa da ta dawowa, da rasit ɗin rajista da na otal, da takardar shaidar halarta, a haɗa su a ambulan ɗaya tun daga ranar farko, don ofishin kuɗi na jami'a zai nemi kowannensu kafin ya rufe fayil ɗinka.