Sarƙar azurfa mai suna da rubutun Fir'auna: abin da na gani

Masu tambayata a inbox kan sarƙar nan ta azurfa da ake rubuta suna da rubutun mutanen Misra na da, toh ga bayani a dunƙule dan na gaji da amsa ɗaya ɗaya. Wani shago ne a Unguwar Rimi, matar tana kawo abaya da turare daga Alƙahira, sai ta haɗa da wannan, ki ba ta sunanki ta tura can a ƙera a kawo. Na yi odar guda biyu, Maryam da Fatima, na ƙannena.

Aikin hannu dai babu laifi gaskiya. Azurfar tana da nauyinta, akwai hatimin 925 a baya (alamar ingancin azurfa), ba ta sa wuya ƙaiƙayi kuma har yanzu ba ta yi baƙi ba. Tsuntsayen sun fito raɗau, mujiya ka ganta ka san mujiya ce. Igiyar sarƙar ce siririya da yawa, ni canza ta na yi a Kasuwar Barci. Kuɗin ya danganta da yawan haruffa, mai dogon suna irin Ummulkhairi sai ta shirya, kuma kayan sun ɗan yi jinkiri fiye da lokacin da aka ce mana amma tana ɗaga waya, ba ta ɓuya.

Inda nake da magana shi ne abin da take faɗa wa kwastomomi wai haka Fir'auna zai rubuta sunanki. A'a Hajiya, ba haka bane. Rubutun nan ba ABCD bane da za ki cire harafi ki sa tsuntsu a wurinsa. Alamomin da aka fi amfani da su a zamanin da rubutun ke ganiyarsa sun kai wajen 700, a ciki kusan 24 ne kawai ke tsayawa a baƙi guda ɗaya, mujiya m, igiyar ruwa n, baki r, ƙafa b, maciji mai ƙaho f, curin burodi t. Sauran wasu baƙi biyu ne ko uku a haɗe, wasu kalma ce sukutum, wasu ma ba a furta su kwata kwata, a ƙarshen kalma ake ajiye su dan a nuna maka me ake nufi, in an zana ƙafafu biyu na tafiya ka san maganar motsi ce, in mace ce a zaune sunan mace ne. Kuma ba sa rubuta wasali, kamar dai ajami ne da ba a yi wa wasulla ba. Kenan Maryam m r y m ne, haruffa huɗu, amma a tawa an cusa ungulu har biyu a matsayin a, ita kuwa ungulun nan asalinta baƙi ce mai kama da hamza. Kinga an ƙara min kuɗin harafi biyu kenan lol.

Sai ta Fatima, macijin yana kallon dama mujiyar tana kallon hagu. Ƙa'idar ita ce duk masu rai suna fuskantar inda layi ya fara, ta nan mai karatu ke gane daga dama zai soma ko daga hagu, dan rubutun yana bin kowanne, har daga sama zuwa ƙasa. In sun juya wa juna baya ta ina za a fara? Na nuna mata, ba ta yi musu ba ta ce za ta gaya wa maƙerin, amma canji babu.

Zoben nan mai tsawo da ke kewaye sunan ma na sarakuna ne da matansu, igiya ce aka zana an ɗaure ta a ƙasa, talaka ba ya samu. Kuma shi ya taimaka aka karanta rubutun bayan ya ɓace wa duniya. An fara rubutun wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a tsibirin Filae da ke kudancin Misra a shekarar 394, daga nan shiru sai 1799 da sojojin Faransa suka tono dutse a garin Rashid na Misra, mai magana ɗaya da rubutu iri uku, har da na Girka. Wani masani Bafaranshe, Champollion, ya bi sunayen sarakunan da ke cikin irin zoben nan, Batlamus da Kiliyobatira, ya haɗa da harshen Kibɗawa (Kiristocin Misra) da ya iya, a 1822 ya kwance ƙullin. Dutsen yana Landan tun 1802, Misrawa na ta neman a dawo musu da kayansu.

Masu cewa ko laya ce, suna dai rubutu ne, amma akwai hoton tsuntsu da maciji a jiki, wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta tambayi malaminta. A shagon akwai masu siffar ido da buzuzu, waɗannan kam layu ne a wurin mutanen da, ni ban taɓa su ba.

In kwalliya kike so ki saya, tana da kyau a wuya. Ki dai ce a turo miki hoton zanen a WhatsApp kafin a ƙera, ki duba tsuntsayen duk gefe ɗaya suke kallo, sannan ki nemi igiya mai kauri tun daga farko.