Mun gayyato 'yan wasan bishara daga Jos: wasan ya biya, barkwancin ya bar mana aiki

Tun da hotunan taronmu suka fara yawo a waya, fastoci da shugabannin matasa suke ta kirana da tambaya guda: waɗannan yaran Jos da muka kawo, sun cancanci a kira su? E, a kira su. Amma kada a miƙa musu makirfo a koma gefe a naɗe hannu. Ni ne ma'ajin kwamitin bishara na ikilisiyarmu a nan yankin Saminaka, kuɗin ta hannuna suka bi, don haka na ga gaban abin na ga bayansa. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, domin akwai inda zan taɓa su, kuma yara ne masu zuciyar aiki.

Tsarinsu shi ne su zo da yamma su kafa kaya a fili, su fara da waƙa, mai barkwanci ya hau, a yi wasan kwaikwayo, a rufe da kiran tuba. Mun kai su wani ƙauye ta ɓangaren Lere inda muke da ƙaramar majami'a da mai bishara guda, a watan Disamba, an gama cire masara, mutane na gida. Mai unguwa, wanda Musulmi ne, shi ya ba mu filin makarantar firamare, har ya aiko da benci.

Maganar kuɗi tukuna, tunda aikina ke nan. Da na tambayi shugabansu nawa ne, sai ya ce, "Baba, ba ma yanke farashi, abin da Ubangiji ya sa a zuciyarku." Na ji daɗi. Ana saura 'yan kwanaki sai ga saƙo ta WhatsApp: kuɗin bas zuwa da komowa, man janareta, hayar ƙarin lasifika, abinci, da ɗan na sabulu ga kowane yaro. Da na haɗa lissafi ya haura baikon da muke tarawa a wata guda. Ba cuta ba ce, kowane abu a jerin gaskiya ne, wanda ya sayi fetur kwanan nan ba zai yi musu ba. Amma da sun faɗa tun farko, da ban koma gaban dattawa ina kame-kame ba. Duk wanda zai kira su ya nemi jerin a rubuce tun ranar farko.

Sun makara, wayar lasifika ɗaya ta ƙi aiki, an gyara. A aji suka kwana a kan tabarma cikin wannan hunturu, suka ci tuwon masara da miyar kuka, ba wanda ya ɓata fuska. Wannan na yaba musu ƙwarai, don mun taɓa karɓar baƙon mai wa'azi da ya tambayi ruwan gora kafin ya tambayi sunan ƙauyen.

Ba kowa ne ya yarda a kawo su ba. Wani dattijonmu ya ce bishara ba abin dariya ba ce, kuma majami'a ba gidan wasa ba ce. Baba Fasto bai yi gardama da shi ba, sai ya buɗe 2 Sama'ila 12, inda annabi Natan ya je wurin sarki Dawuda da labarin matalauci mai 'yar tunkiya guda. Sai da Dawuda ya fusata ya yanke wa mai laifin hukunci, sannan aka ce masa shi ne mutumin. Ya kuma tuna masa cewa shi kansa dattijon ta hanyar 'yan Sabon Rai ya tuba, waɗanda tun shekarun 1960 suke shiga ƙauyuka da ganga da waƙa, kuma tsofaffinmu da yawa ba su manta daren da aka kafa farin ƙyalle aka haska musu majigin rayuwar Yesu da Hausa ba. Dattijo ya ce to, za a gani. Ya zo ya zauna a layin gaba da sandarsa.

Waƙar farko ba ta kama ba. Sun buɗe da waƙoƙin Turanci, jita da piyano da ganguna na zamani, ƙara kamar za ta fasa kunne. Matasanmu da suka biyo mu daga gari suna ta tsalle, mutanen ƙauye kuwa sun yi cirko-cirko suna kallo. Sai da Mama shugabar zumuntar mata ta tashi ta ce wa mai piyano, "Ɗana, rage mana wannan abin," matanmu suka shigo da tulu da caki, sannan fili ya motsa. Abin da ya burge ni shi ne yaran ba su ji haushi ba. Wata yarinya cikinsu mai zaƙin murya ta sauko ta shiga layin mata, ta karɓi bayarwa da Hausa, mai ganga ya bi kiɗan tulun maimakon ya danne shi. Daga nan har aka tashi waƙa ba ta sake ba mu matsala ba. Suna da waƙoƙin Hausa masu kyau, ban san abin da ya sa suke ɓoye su a baya ba.

Mai barkwancin yana da baiwa, wannan ba a ja. Rabin farko na abin da ya yi, mu 'yan coci ya sa a gaba. Ya kwaikwayi mutumin da ke rawa zuwa kwanon baiko da hannu a dunƙule, yana ɗaga shi sama kamar ya riƙo dubu, ashe naira hamsin ce ya nannaɗe. Ya yi dattijon da ke gyangyaɗi lokacin wa'azi, ya farka firgigit ya ce "Amin!" daidai inda fasto ya ce Yahuza ya je ya rataye kansa. Ya yi sakataren da sanarwarsa ta fi wa'azi tsawo. Ya kuma yi ma'aji mai kirga kuɗi yana lasar yatsa yana hararar kowa, kuma ban san wanda ya ba shi labarina ba. Mutane sun yi dariya har da riƙe ciki, Kirista da Musulmi. Na lura da wani abu a lokacin: maƙwabtan da suka tsaya nesa da farko sun fara matsowa. Mutum ya ga kuna iya yi wa kanku dariya, tsoronsa na raguwa.

Sai ya ɓata rawarsa da tsalle. Da ya ga fili ya kama, ya ɗauko sanda ya saɓa a kafaɗa ya fara kwaikwayon Bafulatani a asibiti, yana karya harshe. Akwai samarin Fulani da suka tsaya ta bayan benci tun ana waƙa, da wasu mata da suka dawo daga tallan nono. Ina kallonsu suka juya ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya, suka bi hanya. Bai ma gani ba, fitila na haska masa ido. Daga nan ya koma kan mai i'ina, alhali a ƙauyen akwai yaro mai wannan lalura, kuma duk yara suka juya suna kallonsa.

Da na yi masa magana da dare ya ce, "Baba, wasa ne kawai, a Jos kowa dariya yake yi." Na ce masa wasa yana da masu shi. Bafulatani da Babarbare su yi ta tsokanar juna ba mai jin zafi, haka Bakano da Bazazzagi, haka Bagobiri da Bayarabe, domin tsohuwar wasa ce da kakanni suka bari, kowa ya san iyakarta kuma kowa yana da damar ramawa. Shi kuwa baƙo ne mai makirfo, su ba su da shi, a ƙasar da maganar noma da kiwo ta riga ta ci rayuka. Mai bisharanmu ya daɗe yana gina gaisuwa da rugar nan, yana zuwa musu jaje da barka. Washegari shi da Baba Fasto suka tafi ba da haƙuri, yaran kuwa suna kan hanyar Jengre ta komawa Jos. Afisawa 4:29 da Kolosiyawa 4:6 ba su ware mai barkwanci ba. Yaron ya saurara, ya ce ya ji. Ko ya ji ɗin, ikilisiyar da ta kira shi gaba ce za ta faɗa.

Wasan kwaikwayon kuwa, shi kaɗai ya isa kuɗin bas.

Labarin ɓataccen ɗa suka yi, daga Luka 15, amma sun dawo da shi gida. Ƙaramin ɗan ya matsa wa uban ya yanka masa rabonsa na gona, ya sayar, ya sayi babur ya tafi acaɓa a Mararraba, kusa da Abuja. Abokai, caca ta waya, ƙwaya, har babur ya tafi. Abin da ya nuna min sun yi tunani shi ne wurin aladu. A cikin Littafi, kiwon alade shi ne ƙarshen ƙasƙanci ga Bayahude. Amma a nan kudu da mu mutane da yawa da kiwon alade suke biyan kuɗin makaranta, kasuwarsu ta wajen Kafanchan ma sananniya ce, don haka in ka nuna yaro yana ba alade dusa, wasu za su ce ai ya samu sana'a. Sai suka sa shi yana kwana a ƙarƙashin gada, yana tsintar robobi a bola, yana rige-rige da kare a kan ragowar shinkafa a leda. Kowa a filin nan ya san wani yaro da ya tafi Abuja aka daina jin ɗuriyarsa. Dariya ta ɗauke.

Wanda ya fito a uban saurayi ne, sun shafa masa toka a gemun auduga, ya sa babbar riga da ta yi masa yawa. Kullum yana fitowa bakin zaure ya kare ido da hannu ya dubi hanya, ya koma. Ya yi haka har mutane suka fara gajiya da shi. Da yaron ya ɓullo daga cikin jama'a, ta can baya inda ba fitila, da tsumma a jiki da silifa wari guda, uban ya tsaya cak. Sandarsa ta faɗi. Ya tattare babbar rigar da hannu biyu har gwiwa ya sheƙa da gudu, hula ta tashi bai waiwaya ba. Dattijo ba ya gudu a gaban jama'a, kowa ya san wannan, shi ya sa fili ya yi tsit. Yaron ya durƙusa ya fara, "Baba, ban isa a ce da ni ɗanka ba," uban ya toshe masa baki da tafin hannu. Wata tsohuwa a kusa da ni ta ce da ƙarfi, "Bar shi haka, ya dawo ai!" Ta manta wasa ne.

Ba su tsaya a nan ba, kuma nan ne na san akwai mai karatu a cikinsu. Yawancin wasannin da na gani a kan labarin nan, har da waɗanda ake sayarwa a faifai, da an yanka saniya an yi rawa sai a tashi. Su sun ba babban wan lokacinsa. Ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, ya ji kiɗa, ya ƙi shiga. Ya lissafa wa uban komai: shi ya yi huɗa, shi ya ciwo bashin taki, shi bai taɓa fashin sujada ba, shi ke share majami'a, ko ɗan akuya ba a taɓa yanka masa ba. Maganar tasa gaskiya ce, shi ya sa ta yi ciwo. Uban ya roƙe shi. Aka kashe fitila babban wan yana tsaye a bakin ƙofa, bai shiga ba, bai tafi ba, daidai inda Luka ya bar shi. Dattijon nan da ya ƙi a kawo su bai ce komai ba a daren. Ran Lahadi shi ya roƙi a karanta aya ta 25 zuwa 32 a sujada.

Kiran tuba gajere ne, ba matsi, ba tsoratarwa, na ji daɗin haka. Matsalar tana bayansa. Katin da suka kawo na rubuta suna da Turanci yake, yana neman adireshin imel, a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Matasanmu suka yage takardar littafi suka rubuta da hannu. Kafin mu isa gida kuma 'yan ƙungiyar sun sa hotuna a Facebook da adadin waɗanda suka tuba, adadin da ya haɗa har da yaran Sande Sukul da suka ɗaga hannu don sun ga wasu sun ɗaga. Mafi muni, fuskokin mutanen da suka fito gaba suna nan tar, ba a tambayi kowa ba. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, akwai wanda hoto irin wannan zai iya raba shi da gidansu. Baba Fasto ya kira shugaban, ya cire su nan take ya ba da haƙuri. Waɗanda suka ci gaba da zuwa ajin baftisma ba su da yawa, amma suna zuwa, kuma mai bisharanmu ne ke bin su gida-gida a kan tsohon kekensa. Wannan ɓangaren ba ya cikin abin da ƙungiyar ke kawowa. In ba ku da mai yin sa a ƙasa, ku dakata da gayyatar tukuna.

Ga mai son kiransu: ku zauna da mai barkwancin kafin ya hau, ku ji duk abin da zai faɗa, ku gaya masa su wa ke zaune a garin. Ku ce da Hausa za a fara waƙa. Ku hana ɗaukar hoto lokacin kiran tuba, ku tanadi masu rubuta suna daga cikinku. Kwamitinmu ya amince a sake kiransu lokacin Ista, sun ce suna da wasa a kan musun da Bitrus ya yi. Kan mai barkwancin ne ba mu daidaita ba. Ni na ce a bar shi a Jos, Mama shugabar zumunta ta ce a kawo shi, ita za ta zauna kusa da mai kula da lasifika. Za mu sake zama a kai bayan taron sabuwar shekara.