Kayan gwajin ruwan kifi na API ya cancanci kuɗinsa

Masu kiwon jan kifin ado a Katsina, in kifi ya taso saman ruwa yana haki, ko ya lafe a ƙasa ya ƙi abinci, ku duba ruwan kafin magani. Kayan gwajin kamfanin API mai suna API Freshwater Master Test Kit yana auna pH (tsamin ruwa), da amoniya, naitarait da naitaret, sinadaran da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi. Don gwajin amoniya, a ɗebi ruwa mililita 5, a ɗiga ɗigo 8 daga kowace ɗaya cikin kwalaben gwajin amoniya biyu, a jira minti 5. In ruwan gwajin ya yi rawaya, lafiya lau. In ya koma kore, a tsayar da abinci, a canza sulusin ruwan kifin. A gwajin naitaret kuwa, kwalba ta biyu sai an girgiza ta daƙiƙa 30, in ba haka ba sakamakon zai yi ƙasa. Aibinsa ɗaya, ba ya auna iskar oksijin, wadda zafin Afrilu ke ragewa a kududdufi.