Zauren jami'a ko ƙofar dagaci: ina za ka kai sakamakon bincikenka?

Ƙanena, ka ce ka kammala binciken digiri na biyu a kan yadda rufe iyakar Najeriya da Nijar ya taɓa ƙananan 'yan kasuwa a Mai'adua da Kongolam, kuma kuɗin da ke hannunka taro ɗaya kawai zai ɗauka. Kana tambaya ko ka nemi zaure a jami'a ka gayyato mutanen su zo Katsina, ko kuwa kai ka ɗauki takardunka ka koma inda ka samo zancen. Ni dai komawa zan ce ka yi. Ba wai zauren jami'a ba shi da amfani ba ne. Aikinsu ne daban, kuma gara ka san abin da kowanne zai saya maka kafin ka fitar da kuɗi.

Tambayar ta yi mini daɗi, domin ƙasar nan tamu ta daɗe tana ba masu bincike abin rubutawa. Polly Hill, Baturiyar Ingila, ta zauna a Batagarawa a 1967 tana bin gonaki da rumbuna da basussukan magidanta, littafinta ya fito a 1972. Michael Watts ya yi nasa aikin a Kaita kan fari da yunwa, ya fitar a 1983. M. G. Smith ya rubuta tsarin sarautar Daura, aka buga a 1978. Ayyuka ne masu nauyi, masana na ambaton su har gobe. Amma da Turanci aka rubuta su duka, kuma da wuya ka sami jikan wanda ya buɗe rumbunsa aka leƙa da zai iya gaya maka abin da aka ce game da kakansa. Yanzu kuwa ba baƙi kaɗai ke binciken ba. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tun 2006, ga Al-Qalam, ga ta Tarayya a Dutsin-ma tun 2011, ga manyan makarantu a Daura. 'Ya'yan gida ne ke shiga zaurukan iyayensu da takardar tambayoyi, su fito, kundin ya wuce ɗakin karatu ya kwanta. Uzurin nisa da na harshe duk sun ƙare mana.

Zauren jami'a abu biyu yake ba ka waɗanda ƙofar dagaci ba ta da su. Na farko, masu sa hannu a takarda: jami'in ma'aikatar kasuwanci, wakilin kwastan, ɗan majalisar yankin idan ka yi sa'a, ma'aikatan ƙungiyoyin ba da tallafi, da 'yan jarida. Waɗannan in ka kira su Kongolam da yamma a kan tabarma, mafi yawa ba za su zo ba, amma katin gayyata mai tambarin jami'a yana fito da su. Na biyu, mutanen da za su tuhumi hanyar da ka bi. Farfesa zai tambaye ka mutum nawa ka yi hira da su, ta yaya ka zaɓe su, me ya sa ka gaskata abin da suka ce suna samu a rana. Wannan tankaɗe ne da kowane bincike ke bukata, kuma shi ke ɗaga sunanka idan kana son ci gaba zuwa digiri na uku.

To amma duba wanda ka ce kana son ya ji. Daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, Mai'adua kuma da ɗoriya. Ɗan dako ko mai sayar da abinci a bakin tasha in ya bar wurinsa yini guda, abincin gidansa na ranar ya bari. Ko ka biya kuɗin mota, waɗanda za su hau motar shugabannin ƙungiyoyi ne da na kusa da su, ba waɗanda abin ya fi dukan su ba. In sun iso, kujerun baya ne nasu. Rabin lokacin zai tafi wajen gabatar da manyan baƙi da jawabin shugaban taro, kai ka yi naka da Turanci kana nuna jadawali a majigi, a ƙarshe a ce tambaya uku za a ɗauka saboda lokacin salla ya yi. Kuma kada ka sa rai ɗan acaɓan da ya taɓa ɗauko buhun shinkafa ta bayan gari zai ɗaga hannu alhali ga mai kaki a jere na gaba. Zai ci abinci, ya yi maka addu'a, ya koma gida bai ƙaru da komai ba, kai ma ba ka ƙaru da shi ba.

Babban abin da taron gari ke bayarwa kuwa shi ne gyara, kuma bincikenka yana cikin waɗanda suka fi bukatar sa. Ka tuna abubuwan da suka hau kan mutanen nan a jere. An rufe iyaka a Agustan 2019. A Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwa. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai. A Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka sake rufe iyaka. Mai amsa tambayarka yana iya haɗe su duka ya ce maka “tun da aka rufe boda,” kai kuma ka rubuta haka. Amma ka tara direbobi da dillalan kara da masu canjin sefa wuri ɗaya ka karanta musu, za ka ji ɗaya ya ce a'a, kuɗin mota ba rufe boda ya ɗaga shi ba, rashin mai ne. Wani ya ce shanun Damagaram ba su daina shigowa ba, hanya suka sauya kuma kuɗin rakiya ya ƙaru. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Babu farfesan da zai iya yi maka wannan rarrabewar daga ofis, don bai sayar da akuya ranar da babu takardar naira a kasuwa ba.

Ban da gyara akwai hakki. Mutum ya ba ka lokacinsa, ya gaya maka bashin da ke kansa da yadda ya rage awon gida, abin da wataƙila ɗan'uwansa ma bai sani ba. Ka tafi da shi ka sami digiri. Mafi ƙarancin abin da ya kamata ya dawo masa shi ne ya ji cewa ba shi kaɗai ba ne, ya ji yadda lamarin yake idan an haɗa na kowa. Wannan ma ƙarfi ne a hannunsa ranar da ƙungiyarsu za ta je gaban shugaban ƙaramar hukuma.

Sai dai kada ka ɗauka taron gari sauƙi ne. Haɗarinsa ya fi na zaure, kuma in ka yi sakaci ba kai zai faɗa wa ba, su zai faɗa wa.

Sirri ne farkon abin da nake jin tsoro. A zauren jami'a in ka ce “wani magidanci mai shagon taya kusa da tasha ya ce da ni kaza,” ka ɓoye shi. A Kongolam ka faɗi haka, ka kira sunansa ne, kowa zai waiga ya dube shi. Balle bincikenka ya taɓa fasa-ƙwauri da kuɗin da ake bayarwa a shingen hanya. Saboda haka duk maganar da ka ɗauko daga bakin mutum ɗaya ka bar ta a kundi. A gaban jama'a abin da ya haɗa mutane da yawa za ka faɗa, kuma ko shi ɗin ka sake duba shi da malamin da ya kula da aikinka: idan wannan magana ta kai kunnen hukuma gobe, wa za ta ƙona? In akwai wanda za ta ƙona, cire ta. Kada ka bari a ɗauki bidiyon masu magana sai da yardarsu, don abin da aka faɗa a ƙofar gida da la'asar kafin isha ya shiga Facebook.

Sai batun wurin zama. Dole ka bi ta ƙofa: takarda daga jami'a, ka gaida hakimi, ya haɗa ka da dagaci da sarkin kasuwa, ka kuma sanar da 'yan sanda tunda bakin iyaka ne. Ba a tsallake wannan. Amma ka sani talaka ba ya musa magana a gaban uban ƙasa, in an ce “haka ne?” sai ya ce “haka ne, ranka ya daɗe.” Abin da na ga yana aiki shi ne a roƙi dagaci ya buɗe taro ya sa albarka, sannan a koma ajin firamare ko rumfar ƙungiya, a zauna kashi-kashi: direbobi da 'yan acaɓa gefe, dillalai gefe, matasa 'yan dako gefe. Yaro ba ya faɗin abin da ke ransa a gaban ubangidansa, kamar yadda ubangidan ba ya faɗa a gaban hakimi.

Mata kuwa, in ka yi taro ɗaya a fili, ka yi shi ba su. Alhali masu ƙosai da fura da ƙuli-ƙuli da 'yan adashi, waɗanda cinikinsu ya dogara da cikar kasuwar Lahadi ta Mai'adua, suna cikin waɗanda suka fara jin jiki da baƙi suka ragu. Ka nemi abokiyar karatunka ko malamar Islamiyya da suka yarda da ita, ka zauna da ita ta fahimci sakamakon sosai, ita ta jagoranci zaman mata a makarantar ko a cikin wani gida, ta kawo maka abin da suka ce. Ka sa kuɗin wannan zaman a lissafi tun farko, kada ya zama abin da za a yi in canji ya rage.

Akwai kuma zato. Mutanenmu sun saba duk wanda ya zo da takarda da biro yana rubuta sunaye, tallafi ne ke tafe. Tun a bakin mai shela ka sa a faɗa ƙarara: ba rabo za a yi ba, ba sunaye za a ɗauka ba, ɗalibin da ya zo bara ne ya dawo ya faɗi abin da ya gano. Mutane za su ragu, amma waɗanda suka zo don ji suka zo. Kuma kada ka yi alkawarin cewa gwamnati za ta yi wani abu. Abin da ke hannunka kaɗai za ka alkawarta, wato za ka kai maganar inda za ka iya kaiwa.

Lokaci ba ya bukatar dogon bayani. Ban da ranar kasuwa, ban da tsakiyar damina, ban da azumi. Bayan kaka, tsakanin la'asar da magariba. Abu uku ko huɗu kawai za ka faɗa, cikin ɗan lokaci, ka bar sauran ga bakinsu. In za ka ba da adadi, ka ce “cikin kowane mutum goma da na tambaya, kaza sun ce,” ya fi zama a kai. Ka tafi da wanda zai riƙa rubuta abin da ake faɗa, don kai ba za ka iya sauraro da rubutu a lokaci guda ba.

Ta fuskar kuɗi ma taron gari ya fi araha: tabarmi ko benci, lasifika, ruwa, goro, ɗan abin mai shela da kuɗin motarku. Zaure kuwa akwai janareta, abincin baƙi, buga kati da takardu, da jigilar mutane daga nesa, wadda ita kaɗai tana iya cinye abin da ka tara.

Wannan ba baƙon abu ba ne. A Ingila akwai bikin da jami'o'i ke yi duk shekara wajen Oktoba da Nuwamba, inda masu binciken zamantakewa ke fita ɗakunan karatu na unguwa da wuraren shan shayi su tattauna da jama'a kyauta. Amma ba sai mun je can ba. Malaman gona sun daɗe suna yi a nan, suna tara manoma a bakin gonar gwaji su ga irin da idonsu, su kuma faɗi abin da bai yi musu ba. Masu nazarin zamantakewa da tattalin arziki ne suka yi jinkirin koyi da su.

Game da masu sa hannu da na ambata, ba ka rasa su ba don ka fara da gari. Sashenku yana da tarukan ƙara wa juna sani da ba sai ka biya kuɗin zaure ba. Ka nemi a sa ka a ciki bayan ka dawo. A lokacin za ka tsaya da abin da mutanen da kansu suka ji suka gyara, ka kuma zo da mutum biyu ko uku da zaman garin ya zaɓa, ciki har da mace in ta yarda, a ba su kujerar gaba da damar magana da Hausa. Kuɗin motar mutum uku ba zai gagare ka ba. Ka taƙaita sakamakon a shafi ɗaya da Hausa, ka bar kwafi wajen dagaci da sarkin kasuwa da shugaban makaranta, ka kuma karanta shi da muryarka a tura ta WhatsApp saboda waɗanda ba sa karatun boko. Gidajen rediyon Katsina suna da shirye-shiryen kiran waya, kuma shafin nan ɗaya ya isa ka nemi a gayyace ka.

Idan kuma a zaman suka ƙi yarda da wani abu da ka gano, kada ka yi gardama don kare kundinka, kada kuma ka janye nan take don a rabu lafiya. Ka tambayi dalilinsu, a rubuta shi yadda suka faɗa, ka koma ka duba bayananka. Wani lokaci su ne da gaskiya, wani lokaci kai ne, don mutum ɗaya abin da ke gabansa yake gani, kai kuwa ka ji daga bakuna da yawa. Ko wanne ya tabbata, ka sa saɓanin a cikin takardar da za ka buga daga wannan aiki, ka faɗi cewa a zaman Mai'adua ko na Kongolam aka tayar da shi.