Irin shammam mai jure cutar bairos: ya ci kuɗinsa, amma a karanta gwangwanin

A shagunan kayan noma na Kaduna da Zariya ana samun irin shammam na gwangwani mai alamar F1, wato irin da aka samu daga haɗa iri biyu, wanda ake cewa yana jure cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare, ya yamutse, 'ya'yan su fito da ƙuraje. Ga masu noman rani a fadamar Galma, irin ya ci kuɗinsa. Sai dai kalmar "juriya" tana yaudarar mai saye idan bai juya bayan gwangwanin ba.

A can ake rubuta HR ko IR. HR juriya ce mai ƙarfi, IR kuwa matsakaiciya: shukar tana iya kamuwa, amma ba ta durƙushewa kamar irin gida. A gefe za a ga sunan cutar a taƙaice, kamar ZYMV, WMV, PRSV ko CMV, kuma duk huɗun darɓa ce ke yaɗa su, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye. Irin da ke jure ɗaya ba lallai ya jure sauran ba. Cututtukan da farin ƙuda ke kawowa, masu sa tsofaffin ganye rawaya, dabam suke.

Darɓa ba ta buƙatar zama a gona. Ta sauka, ta tsotsi ganye na 'yan daƙiƙoƙi, ta riga ta zuba cutar kafin feshi ya kashe ta. Shi ya sa manomi ke ƙara magani amma cutar na ci gaba. Masana sun samo wata ƙwayar gado mai suna Vat daga wani shammam na Koriya, suka yi ta haɗa shi da iri mai zaƙi har juriyar ta zauna. Tana hana darɓar auduga walawa, tana kuma tare cutar da ita ta ɗauko. Wasu nau'o'in darɓa suna wucewa, kuma nan ne raunin irin da ke ɗauke da Vat yake.

Don haka sai an taimaka masa. A kewaye gonar da layi 2 ko 3 na masara, mako 2 zuwa 3 kafin shuka, domin darɓa ta fara goge cutar daga bakinta a can. A rufe ƙananan shuka da raga mai ƙananan ido, a cire ta da zarar fure ya buɗe, in ba haka ba ƙudan zuma ba zai shiga ba, 'ya'ya ba za su kama ba. Duk shukar da ta yamutse a tumɓuke ta a binne. Kada a shuka kusa da tsohuwar gonar kankana ko kabewa.

Irin yana da tsada, kuma ba a ajiye ƙwayarsa don baɗi, domin 'ya'yan F1 rarrabuwa suke yi, juriyar ta watse. Kafin biya a duba ranar ƙarewa da lambar kaya, a ƙi wanda aka zazzage a leda ko wanda rana ta dafa a bakin shago.